Darlene Ta Saki Keken Jariri

Ranar da aka zuba wa garin su Darlene ƙanƙara, zafi ake yi irin wanda kwalta ke kama tafin takalmi. Tsakiyar watan Yuli ce a jihar Manitoba ta ƙasar Kanada, amma tun da sassafe ma'aikatan fim suka shimfiɗe babban titi da farin bargon auduga, suka feshe shi da kumfa, suka rataya fitilun Kirsimeti daga shagon magani har ƙofar banki. Ba wanda ya yi mamaki. Ai haka ake yi: fim ɗin da za a kalla da hunturu, da rani ake ɗaukarsa. Sai a kwashi mutanen gari a matsayin 'yan cika fage, a jibga musu rigunan sanyi, su yi ta kai da kawo a bayan jarumai suna tsiyayar gumi.

Darlene Boychuk, direbar motar 'yan makaranta, mai shekara hamsin da takwas, ita ce ta farko a layi ranar da aka fara ɗibar mutane. Dalili kuwa, daga littafinta aka ciro fim ɗin. Ba ita ta rubuta ba, a'a. Amma wanda ya karanta littafi har bangonsa ya cire ya manne shi da salatif, ai ya isa ya ce nasa ne. Sunansa "Kujerar Bakin Taga". Labarin wata tela ce, Maureen, mai shekara hamsin da bakwai da ciwon gwiwa, mijinta ya rasu, ta riga ta sallama wa duniya, sai ga wani mai gyaran agogo ya shigo shagonta a sa masa maɓallin riga. Daga ranar maɓallansa ba su sake zama a jikin riga ba.

Littattafan soyayya kam Darlene ta cinye su ba adadi. Tana karantawa a cikin mota kafin a tashi yara, tana karantawa a ɗakin jiran likita. Kowanne kuma sai ta zura shi cikin 'yar rigar yadi mai furanni da ta ɗinka, don kada a ga hoton bango, ƙato ƙirji a waje da mace ta langaɓe a hannunsa. Duk matan da ke wannan karatu suna da irin rigar. Har a baje kolin coci ana sayar da ita kusa da tiren ferogi, wato ƙullin fulawa mai cushen dankali, kuma ba wadda ta taɓa tambaya ta mece ce.

To, ba littafi kaɗai Darlene ta ɗinka wa riga ba. Akwai Vern.

Vern Sigurdson makaniken tarakta ne da ya ajiye aiki, dogo, mai ƙarancin magana, matarsa ta jima da rasuwa. Ya daɗe yana zuwa wurin Darlene, amma bisa dokarta: motarsa a bayan coci zai ajiye, ya biyo ta lungu, ya shigo ta ƙofar kicin. In sun haɗu a kanti, sannu sannu ce kawai. Da bazara ya nemi ta aure shi, ta ce ya ɗan dakata. Ya dakata. Ya kuma dakatawa. Ɗansa kuwa da ke jihar Alberta mai nisa ya gyara masa ɗaki yana ta kiransa ya koma can.

A safiyar ranar ɗaukar fim, yana tsaye a kicin ɗinta da kofin kofi, rigar sanyinsa a kafaɗa, ya ce, "Darlene, jiya na kafa allon sayar da gidana a ƙofa."

Ta ajiye cokali. "Haba, Vern. Ka kafa fa ka ce?"

"Na kafa. Ƙarshen rani zan tafi." Ya kalli cikin kofin. "Ba fushi nake ba. Amma na tsufa da bin lungu. Shekarata sittin da uku, ina laɓe kamar na saci kaza."

"Ka san bakin garin nan. Ka san Gladys."

"Na san ta. Ita zan aura?"

Ya wanke kofinsa, ya kife shi, ya fita ta ƙofar kicin kamar kullum. Abin ya yi mata ciwo, don tana son mutumin nan, so na gaske, irin wanda ta ɗauka an binne shi tare da mijinta Orest. Amma tsoron dariya ya fi ƙarfinta.

Gladys yayar marigayi Orest ce. Ita ke shugabantar matan coci, kuma ita ce rediyon teburin kofi na safe. In ta ɗaga gira a kan mutum, kafin azahar labarinsa ya kai gidan mai na bakin gari. Littattafan soyayya kuwa shara take kiransu. Amma da aka ce za a ɗauki fim, har gyaran gashi ta je.

Aka tara 'yan cika fage a wata rumfa bayan banki, kowa cikin kwat da hula da safar hannu, ana fifita da kwali. Wata yarinya siririya mai suna Tamsin, mataimakiyar darakta, da rediyon hannu a ƙugu, ta hau kan akwati ta karanto musu doka.

"Ku saurara da kyau! Ba magana. Baki za ku riƙa motsawa kawai, kada sauti ya fito. In an ce tafi, ku yi tafin amma kada tafin hannu ya haɗu. Kada a kalli kyamara. Kada a yi wa jarumai magana. Duk wanda ya karya, gida. Ku kayan ado ne, kamar fitilun can. Mun fahimta?"

Kayan ado! Darlene ta haɗiye wannan, don ba yarinyar ta kawo ta ba. Yau za a ɗauki babin ƙarshe, inda Maureen ke tsallaka dandali da gwiwarta mai ciwo, a gaban duk gari, ta je ta sami mai agogo. Darlene ta haddace wurin har waƙafi.

Tamsin ta fara raba mutane. Samari da 'yan mata aka jera su bibbiyu a gaba, aka ce su riƙe hannu, ko ba su san juna ba. Da ta iso kan Gladys ta miƙa mata jakunkunan cefane. "Ke ce Kaka ta ɗaya." Gladys ta karɓa tana washe baki kamar an naɗa ta sarauta. Vern aka ba shi sanda, aka nuna masa benci can gefen dandali, wai ya zauna ya ɗan ranƙwafa. Mutumin da ke ɗaga tayar tarakta shi kaɗai!

Sannan Tamsin ta juyo kan Darlene, ta dube ta sama da ƙasa, ta yafa mata wani mayafi ruwan toka a kan jan kwat ɗinta. Aka gangaro da keken jariri, da 'yar tsana ta roba a ciki.

"Ke ce Kaka ta biyu. Ki riƙa turawa a hankali kina leƙa jaririn."

"Sunana Darlene."

"To, Kaka Darlene. Tsaya nan."

Suna fita fage Darlene ta shiga raba ido tana neman Maureen. Ta ga wata yarinya a ƙarƙashin lema ana mata fifita, doguwa, ƙugu kamar na zanzaro, takalmi mai tsini, ba za ta wuce ashirin da shida ba. Kusa da ita wani saurayi mai haƙora farare tas ana goge masa gumi.

Darlene ta tari Tamsin. "'Yar nan, waccan ɗiyar Maureen ce? Ai a littafi ba ta da 'ya."

"Ita ce Maureen."

"Wace Maureen ɗin?"

"Jarumar mana."

"Ina ciwon gwiwar? Ina furfurar? Matar nan hamsin da bakwai gare ta!"

Tamsin ta yi dariya, ba ma ta mugunta ba, wannan ne ya fi ciwo. "Ai an ɗan gyara. Masu kallo matasa suke son gani. Wa zai zauna kallon tsofaffi suna soyayya? Ki koma wurinki, Kaka."

"Kin karanta littafin kuwa?"

"Na karanta taƙaitawarsa."

Kai, duniya! Darlene ta koma ta kama keken jariri. Littafin da ya riƙe ta a shekarun da gida ya yi mata faɗi, littafin da ya fara gaya mata cewa mace irinta ba ta ƙare ba, shi aka ɗauka aka fere, aka cire abin da ya sa ya zama littafi, aka bar fitilu da kumfa.

Aka fara ɗauka. Yarinyar ta rugo a guje, saurayin ya tare ta, suka sumbaci juna, gari ya yi tafin kurame. Darakta, wani mai gajeren wando da ke zaune a inuwa, ya ce a sake. Aka sake. Wani ya yi atishawa, aka sake. Gumi ya ɓata wa saurayin hoda, aka sake. Kumfa na narkewa ana ƙara fesawa, takalman mutane na yin caɓal caɓal. Darlene na tura 'yar tsana gaba da baya, tana buɗe baki tana rufewa kamar kifi. Can gefe tana hango Vern a kan benci, ya ranƙwafa bisa sandar kamar yadda aka umarce shi, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ko sau ɗaya bai dubi inda take ba. Ita ta koya masa haka.

Da aka ba da hutun shan ruwa, Gladys ta matso da jakunkunanta.

"Matar ƙanina, keken nan ya yi miki kyau fa. Abin da ya dace da shekarunmu ke nan."

"Uhm."

"Na ga allo a ƙofar Vern." Gladys ta kurɓi ruwa. "Gara haka. Bayan coci ma ya huta, ciyawar wurin duk ta mutu saboda tayar motarsa."

Darlene ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi a wannan zafi. "Me kika ce?"

"Haba, Darlene. Wa kike tsammanin bai sani ba? Yaran motarki ma sun sani. A teburin kofi kullum sai an tambaya ko baƙon lungu ya wuce. Mun yi shiru ne don mutuncin Orest, muna jira abin ya wuce miki, kamar mura." Ta nuna aljihun kwat ɗin Darlene da baki, inda gefen rigar littafi mai furanni ya leƙo. "Waɗannan littattafan ne suka hure miki kunne. Tsufa ya zo, sai a zauna a karɓe shi da mutunci."

Darlene ta dubi bencin da Vern ke zaune. Ashe dariyar da take gudu an daɗe ana yin ta. Ashe duk laɓe-laɓen nan ba abin da ya ɓoye, sai dai ya mai da mutumin kirki abin zolaya, yana bin lungu cikin ƙanƙara da ruwan sama don ita. Kunya ta kama ta, amma ba irin wadda Gladys ke so ba. Kunyar Vern ta ji. Daga bayan kunyar kuma wani fushi ya taso, mai zafi, mai daɗi.

Ta zaro littafin daga aljihu. Ta zare masa rigar yadin, ta jefa ta cikin keken, kan fuskar 'yar tsana.

"Me kike yi haka?" in ji Gladys.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Gladys."

"Kowa wurinsa!" Tamsin ta ƙwala. "Rana na faɗuwa, wannan ne na ƙarshe! Don Allah kada wanda ya ɓata mana!"

Aka yi tsit. Aka kunna injin da ke watso ƙanƙarar bogi daga sama. Darakta ya ba da izini. Yarinyar ta rugo, saurayin ya buɗe hannu, gari ya ɗaga hannu zai yi tafin kurame.

Darlene ta saki keken jariri.

Titin wurin yana da ɗan gangare, keken ya kama hanyarsa shi kaɗai, sannu a hankali. Ita kuwa ta yar da mayafin toka, ta ratsa ta tsakiyar samari da 'yan matan haya, jan kwat ɗinta na ɗaukar ido, takalminta na caɓal caɓal cikin kumfa. Ba ta yi gudu ba. Gwiwarta ita ma ba ta gudu ba ce. Ta ji Tamsin na raɗa da ƙarfi, "Kaka! Kaka, dawo!" Ko a jikinta.

Ta tsaya gaban benci. Vern ya ɗago kai, ido waje, yana mata alama da gira ta koma.

"Vern Sigurdson," ta ce, da muryar da take tsawatar wa yara arba'in a mota, "ajiye sandar nan, ba taka ba ce. Ka tambaye ni wata magana da bazara. Na yarda. Zan aure ka. Kuma daga yau ta ƙofar gaba za ka shigo, ka ajiye motarka inda makaho ma zai yi tuntuɓe da ita."

Mai ɗaukar sauti ya fizge abin kunnensa. Vern ya miƙe, duk tsawonsa. Bakinsa ya motsa, sauti bai fito ba, kuma wannan karon ba don dokar Tamsin ba ne. Darlene ta kama kwalar rigarsa ta jawo shi ƙasa, ta sumbace shi a gaban banki da shagon magani da matan coci da kowa da kowa.

"Yanke! Yanke!" Darakta ya taso daga inuwa yana huci. "Wace ce wannan? Wa ya kawo ta?"

"Kaka ta biyu ce," in ji Tamsin, kamar ta yi kuka.

Darlene ta juyo, hannunta ɗaya cikin na Vern, ɗayan ta ɗaga littafin sama, bango a waje, salatif da komai.

"Ni ce wadda ta karanta abin da kake ɗauka, yaro. Matar da ke cikin nan sa'ata ce. Tana da furfura, tana da ciwon gwiwa, kuma an so ta a haka. Kai ka ga ba ta isa a kalla ba, ka kawo jikarta. To, ba laifin yarinyar ba ne, kyakkyawa ce, Allah ya ba ta nata. Amma mu da muka sayi littafin nan har kuka ji labarinsa, mu kuka ba keken jariri da sanda? Da tsohuwar zuma ake magani, in ba a gaya maka ba."

"Fitar min da ita daga nan!"

"Ba sai ka fitar da ni ba. A titin nan na koyi tafiya."

Ba wanda ya tafa. An wuni ana hana su, hannuwan sun manta. Wani daga baya dai ya yi fito, wata mata ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki, saura suka yi cirko cirko. Vern ya miƙa wa Tamsin sandar cikin ladabi, ya ce, "Ga kayanku, 'yata. Na gode."

Sai suka zo wucewa ta gaban Gladys. Ta tsaya ƙiƙam da jakunkunan cefanen da ba komai a ciki sai takarda, idonta ya kaɗa.

"A gaban kowa, Darlene? Ƙanina fa?"

Darlene ta tsaya. Ta ga ba tsegumi ne a fuskar matar ba yanzu, kewa ce. Ta sassauta murya, amma ba ta saki hannun Vern ba.

"Na zauna da Orest har ya cika a hannuna, kin sani. Ban rage masa komai ba. Amma ba tare aka binne mu ba, Gladys. In za ki zo biki, kujerarki na gaba. In ba za ki zo ba, za a yi."

Ita da Vern suka bi tsakiyar titi suka tafi, kwat a hannu, kumfa har idon sawu. A ƙofar gidan Vern ya tsaya ya tumɓuke allon sayarwa da hannu ɗaya ya jingine shi bayan gareji.

Aka ɗaura aure da kaka, lokacin da ake girbin alkama. Gladys ta zo. Ba ta yi murmushi ba, amma ta kawo ferogi tire biyu, kuma duk garin an san ba ta kai wa wanda ta yanke hulɗa da shi abinci.

Da Disamba ta zo da ƙanƙararta ta gaske, aka haska fim ɗin a zauren taron gari, kowa ya zo neman ƙeyarsa a bayan jarumai. Darlene ta zauna a layin gaba, Vern a gefenta, littafin a kan cinyarta ba riga. An daɗe da sanin cewa ranar ba a samu an sake ɗauka ba, don kafin a gama rigima rana ta faɗa bayan rumbun hatsi, kumfa kuma ta zama ruwa. Dole suka yi amfani da abin da suka samu, suka datse gefen hoton, suka rufe sautin da kiɗa.

Ga yarinyar ta rugo. Ga saurayin ya tare ta. Kiɗa ya tashi. Can bayansu kuwa, tsakanin masu tafin kurame, sai ga keken jariri yana gangarawa shi kaɗai, ba kowa a bayansa, ya ratsa hoton daga wannan gefe zuwa wancan cikin natsuwa.

Zauren ya fashe. Wannan karon tafin hannu ya haɗu, har da buga ƙafa. Gladys daga layi na biyu ta ce, yadda kowa zai ji, "Har yau dai ba wanda ya koma ɗaukar jaririn nan."

Da aka kunna fitila, Vern ya sunkuyo ya ce, "To, malamar littafi, ya kika ga fim ɗin?"

"Littafin ya fi shi nesa ba kusa ba."

"Ko da ba Maureen ɗinki a ciki?"

"Tana ciki," in ji Darlene. "Tana can gefe, wurin benci, inda suka datse."

Ta sa littafin a ƙarƙashin hammata, ta kama hannun mijinta, suka fita ta ƙofar gaba.